Darduman da Muka Aika Juba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da inda na ajiye tabarau ɗazu da safe, amma ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya a tsakiyar majalisin Umm Khalid, wato falon baƙinta, a unguwar Shisha, rimot a hannuna, ina roƙon Allah a ɗauke wuta. (Ba a ɗauke ba. Wutar Makka ba ta san taimakon mai jin kunya ba.)

Bari in ɗauko muku daga tushe. A nan Makka aka haife ni. Kakannina ne suka zo hajji daga ƙasar Kano suka yi zamansu, Hausar da nake yi kuma a bakin kakata na tsince ta, sai wadda nake ƙarawa a wurin alhazai. Sana'ata girki. Duk mausim, wato lokacin aikin hajji, tuwo nake tuƙawa da miyar kuka da ta kuɓewa, ina aikawa gidajen haya na unguwar Kudai, wurin alhazan da shinkafa da kaza ta ishe su har sun fara mafarkin daddawa. Aiki ne da ake farawa tun kafin kiran asuba, a gama shi lokacin da ƙafa ta ce ba ta ƙara taku. Idan mausim ya wuce ba mutum nake zama ba, buhu nake zama. A ajiye ni a kusurwa kawai, kada a yi mini magana. Ina faɗin wannan ne don ku san halin da ƙwaƙwalwata take ciki lokacin da abin ya fara, ko za ku rage mini wani abu daga cikin laifin.

A mausim ɗin shekarar ne na haɗu da Hajiya Ladi, wata dattijuwa daga wani ƙauye na wajen Zariya. Bayan an sauko daga Mina zazzaɓi ya kwantar da ita, cikinta ya ƙi karɓar komai. Sai na riƙa dama mata kunun tsamiya ina kai mata da kaina, in zauna a bakin katifarta har ta shanye. Ba wani halin kirki ba ne na musamman, ɗakinta akwai sanyin na'ura mai kyau, kuma zama a wurinta ne kaɗai hutun da nake samu. A haka muka saba. Da ta samu sauƙi sai ta ce yayanta yana so ya yi mini godiya.

"Sunansa Malam Dauda," in ji ta. "Ma'aikacin Allah ne. Kusan kowace shekara sai ya tafi Sudan wa'azi, yana kai musu magani da sutura."

Washegari saƙon murya ya shigo wayata. Murya ce ta dattijo mai natsuwa, irin wadda kan sa mutum ya gyara zama. Ya yi godiya mai tsawo, ya sa mini albarka har da 'ya'yana, sannan ya ce:

"Hajiya, ki sa mu a addu'a. Bayan damina zan koma Sudan ta Kudu. Ruwa ya rushe majami'ar 'yan'uwa a wani ƙauye gaba da Juba, yanzu a gindin bishiya suke sujada. Abokin aikinmu na can, Fasto Yakub, shi kaɗai ke riƙe da wa'azi da ɗan ɗakin shan magani da suke da shi. Kayan sujada ma duk ruwa ya tafi da su."

To, ku da kuka tashi a Kaduna ko Jos, na san kun riga kun fara dariya. Ku yi abinku. Amma ku tuna a garin da na tashi. Ni dai tunda nake ban taɓa jin cewa akwai Bahaushen da ba Musulmi ba. A wurina Hausa da salla tare ake haihuwar mutum da su, kamar kunne da hanci. Saboda haka da na ji "majami'a" sai na ce jami' ke nan, masallacin Juma'a. Sujada kuwa ai sujada ce, goshi a ƙasa. Kayan sujada ma bai ba ni wahala ba, tunda mu nan sajjada muke ce wa darduma. Shi kuma Fasto na ɗauka suna ne irin na mutanen can, kamar a ce Mustafa Yakub. Komai ya zauna daidai a kaina. Har ƙwalla na yi: bayin Allah suna sa goshi a taɓo, mu kuwa a nan darduma har ta yi mana yawa.

Yanzu sai in gabatar muku da Umm Khalid, don ba za ku gane wautata ba sai da ita. Asalin sunanta Rabi, ita ma jikar Hausawa ce kamar ni, tare muka yi makaranta, amma ita ta auri mai shagunan turare. A gidanta matan unguwa muke yin jalsa, wato zaman shan gahawa da hira, lokaci zuwa lokaci. Umm Khalid mace ce mai kyauta, wannan ba zan hana ta ba. Sai dai kyautarta tana da hoto. Ba a yin jalsa ba ta miƙo waya ba: ga rijiyar da ta haƙa a wata ƙasa, ga marayun da ta yi wa kayan salla. Mata su yi ta masha Allah. Ni kuma abin da aka san ni da shi shi ne sambusa. "Allah ya yi wa hannunki albarka," shi ke nan rabona. Shekara da shekaru ina haɗiye wannan. Don haka da saƙon Malam Dauda ya shigo, rabin zuciyata ya ji tausayi, rabin kuma ya ce, "Ke, ga rijiyarki ta zo."

Abin da na tsara mai sauƙi ne. Idan alhazai suka fara tafiya, gidajen Kudai cike suke da abin da nauyin jaka ya hana su ɗauka: darduma, lema, tawul ɗin harami, bargo, silifa. Masu gadin gidajen sun san ni, tarkacen ma damunsu yake yi. Na bi su gida-gida da kumburarrun ƙafafuna ina kwasa. Na wanke, na shanya a saman bene, na ninke. Sannan a jalsa ta gaba, bayan an zuba gahawa, na yi gyaran murya na ce ina da wani malami mai da'awa a Sudan, masallacinsu ya rushe, duk mai son lada ta kawo abin da ya sawwaƙa.

Kai, ranar na ji daɗi. Har Umm Khalid sai da ta ajiye wayarta ta dube ni. Kafin mako ya zagayo falona ya zama sito. Hijabai farare, carbi, mayafai, jallabiyoyin mazan da suka yi ƙiba. Ita Umm Khalid da kanta ta aiko da wani mayafi kore mai duwatsu masu ƙyalli, wanda duk muka san shi domin da shi ta je bikin ɗanta.

Sau biyu Allah ya aiko mini da gargaɗi, ni kuma na mayar da shi.

Na farko ta bakin 'yata Samira ya zo. Malamar makaranta ce, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ta shigo ta tarar da ni cikin tulin tawul, ta tambayi ina za a kai.

"Juba," na ce.

Ta tsaya da jakarta a kafaɗa. "Ummi, Juba? Junub ke nan fa, Sudan ta Kudu, ƙasa ce daban. Yawancin mutanen can Kiristoci ne."

"To ai shi ya sa suke bukatar wa'azi," na ce, ina jin kaina kamar wata malama.

"Kin tambaye shi sosai? Kuma kin san tara kaya a aika waje ba tare da izini ba yana jawo magana."

"Tsofaffin darduma ne, ya binti, ba zinari ba. Miƙo mini igiyar can."

Ta miƙo, ta ce "tayyib", wato "to, shi ke nan", irin wadda ba tayyib ba ce, ta shige ɗaki.

Na biyu kuwa Hajiya Ladi ce da kanta, ranar da na kai mata kayan don su bi kargon ayarinsu. Ta ga buhuna, ta ga carbi, sai ta fara murza bakin mayafinta.

"Hajiya, wannan ɗawainiya haka? Amma kin san shi Yaya Dauda, hanyarsa daban ce da tamu. Gidanmu tun kakanni a rabe yake, wasu sun..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Direban da ya kawo ni yana ƙasa yana ta danna hon, zafi kuma kamar a gasa burodin tamis a kan kwalta. Na ɗauka maganar ɗariƙa take so ta jawo, irin rigimar da alhazai ke zuwa da ita daga gida.

"Hajiya Ladi, don Allah bar wannan," na ce. "Ni ba ruwana da hanyar mutum. Ko ya kama hannu ko ya saki, Allah ɗaya ake bauta wa. Mu a Makka kowa namu ne."

Sai na ga idonta ya ciko. Ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce ba ta taɓa ganin mai faɗin zuciya irina ba. Ni kuma na karɓi yabon nan na sa a aljihu, na sauko bene ina jin kamar ƙafata ta daina ciwo. Daga baya na ji abin da ta je ta faɗa wa yayanta: "Na gaya mata, ta ce ta sani, ba ruwanta."

Watanni suka wuce. Malam Dauda yana aiko mini da labarin tafiya kaɗan-kaɗan. Sun sauka Juba. Motar da suka hau ta kafe a laka, sun kwana a hanya. Sun shiga kwalekwale da buhunan a kan cinya. Sauro ya yi masa lahani har ya kwanta kwana biyu a gidan Fasto Yakub. Duk saƙon da ya shigo sai na tura wa matan jalsa da ƙarin gishirina. Rannan ya ce jama'a suna so su gode mini ido da ido ta kiran bidiyo, akwai wani tudu kusa da bishiyar da ake samun sabis.

"Ranar Lahadi ta fi," in ji shi, "ranar ce kowa yake taruwa."

Na ce a raina wataƙila ranar kasuwarsu ce. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

Mai hankali da sai ta ɗauki kiran a kicin ɗinta, ta yi murmushi, ta kashe. Ni kuwa sai na kira Umm Khalid na ce ko za a sa jalsa ranar Lahadi bayan la'asar, a haɗa wayata da babban talabijin ɗinta, kowa ta ga inda sadakarta ta sauka. Talabijin ɗin nan ya kusa cinye bango guda. A cikinsa ƙwayar idon mutum takan kai girman faranti.

Ranar na soya sambusa har hannuna ya yi ƙanshin mai. Na sa abayata ta zuwa biki. Majalisi ya cika, har da matan da ba su saba zuwa ba, har da Goggo Mairo, tsohuwar da ta girme mu duka, wadda kunnenta ya yi nauyi amma ba a barin ta a gida. Samira ta biyo ni daga makaranta, ita ta haɗa wayar, ta miƙo mini rimot, ta koma can ƙarshen kujera ta zauna kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na yi ɗan jawabi. Na ce ni ba kowa ba ce, Allah ne ya zaɓe ni ya bi ta hannuna. Wallahi haka na ce.

Waya ta yi ƙara. Hoto ya yi rawa, ya tsaya.

Fuskar Malam Dauda ce ta fara cika bangon. Dattijo mai furfura, ya rame, yana murmushi. Baƙar riga ce a jikinsa, da wani ɗan farin abu a maƙogwaro. Na ce a raina, to, ɗinkin can ke nan.

"Salama a gare ku, Hajiya! Ga 'yan'uwa, ga Fasto Yakub."

Ya juya wayar. Wani dogon mutum ya matso, baƙi siriri, da fara'a har kunne. A ƙirjinsa, a jikin igiya, ga gicciye na katako. A talabijin ɗin Umm Khalid gicciyen nan ya kai tsawon hannuna.

Na ji wata a bayana ta ajiye finjalin gahawa a hankali.

Da a ce da wani yare Fasto Yakub ya yi magana, da na samu hanyar lauya zance. Amma mutanen Juba suna da Larabcinsu, kuma duk da ya sha bamban da namu, babu wadda ba ta gane ba. Ya ce suna gode wa 'yar'uwarsu ta Makka da ƙawayenta. Ya ce ruwa ya cinye musu kanisa, suna ganin duniya ta manta da su, sai ga kaya daga garin da ba su taɓa zato ba. Kanisa. Sau nawa ya faɗa ban sani ba, amma kowace ɗaya sai na ji ta a ƙashin bayana. Wato coci. Ni 'yar Makka, jikar alhazai, na tara matan Shisha mun yi wa coci gudummawa.

Sai ya matsa gefe, wayar ta nuna bishiyar. Babbar bishiya ce, jama'a cike a ƙarƙashinta, waɗanda inuwa ba ta kai gare su ba suna riƙe da fararen lemomin alhazai. Wani ya buga ganga. Mata dogaye suka jeru a gaba, fararen hijabanmu ɗaure a kansu kamar ɗankwali, suka ɗauki waƙa, suna tafi suna rangaji. A gabansu duka, mai ba da waƙar, wata mace mai murya kamar ta tsaga sama, ta yafa mayafi kore mai duwatsu, rana tana dukansa yana walƙiya.

"Wancan mayafina ne," in ji Umm Khalid. Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Da ta yi ihu ma da ya fi mini sauƙi.

Ni ina tsaye a tsakiya. Na danna rimot don in kashe, sai na ƙara murya. Na sake dannawa, ta ƙara ƙaruwa. Waƙar coci ta cika gidan mai shagunan turare har tagogi suna amsawa. Goggo Mairo, da sai yanzu sauti ya kai kunnenta, ta washe baki ta fara tafi.

"Masha Allah! Wace ƙasida ce wannan? Sun iya yabo!"

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi. Wata ta tashi tana neman takalminta tana a'uziyya. Fuskar Malam Dauda ta dawo bangon, yana share ido.

"Hajiya, ko za ki ce wa jama'a wani abu? Suna jin ki."

Mutane a gindin bishiya suna jira. Mata a majalisi suna jira. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito, bayan duk jawabin da na kwana biyu ina shiryawa, shi ne:

"To... an gode. A gaida gida."

Samira ce ta taso ta zare waya daga jikin talabijin. A mota ba ta ce mini "ai na faɗa miki" ba. Ta dai miƙo mini ruwa. Na fi son da ta faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ban fita ba. Ba kunya kaɗai ba ce, har da tsoro. Na ga wasu sun ɗaga waya suna ɗauka lokacin da abin ya fara, kuma a garin nan ba ƙaramar magana ba ce a ce wance tana tara wa mishan kaya. Ina tunanin aikin Samira, ina tunanin sana'ata, don rabin masu ba ni odar girkin biki a majalisin nan suke. Abin da ya cece ni shi ne gidan na Umm Khalid ne, talabijin nata, mayafi nata. Tun kafin matan su fita ta tsaya a bakin ƙofa ta sa kowa ta goge abin da ta ɗauka a gabanta. Ba don ni ta yi ba, amma na gode. Wata mata ɗaya ta aiko a ce in dawo mata da dardumarta. Na ce a gaya mata tana gaba da Juba, bayan laka, sai an shiga kwalekwale, in tana da ƙarfi bismillah.

Sai da na yi kusan mako kafin na iya kiran Malam Dauda. Na yi niyyar in yi faɗa, amma gajiya ba ta bar ni ba. Na dai gaya masa gaskiya, cewa ni ban sani ba, na ɗauka masallaci ne.



"Wayyo, Hajiya," ya ce. "Wayyo ni. Ladi ta ce kin sani." Ya ci gaba da cewa, "Ni kuma na bi majami'u a gida ina ba da labarinki. Na ce ga wata baiwar Allah a Makka, ta san ko su wane ne mu, ta ce ba ruwanta. Har mutane suna kuka."

"To ka daina ba da shi," na ce.

"Na daina. Amma carbin nan da na gani ya kamata in yi tambaya. Na yi ta juya su a hannu ina cewa me Hajiya take nufi. Sai na ce kada in yi wa mai kyauta tambayar rainin hankali."

Ashe mu biyu ne. Shi yana can yana jin kunya a gindin bishiya, ni ina nan ina ji a kicin. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, irin wadda ke zuwa da hawaye, shi ma ya kama. Da muka lafa na tambaye shi abin da ya fi ci mini rai: darduman fa? Da yawansu akwai hoton Ka'aba a jiki. Tunanin ana taka su da takalmi ya hana ni barci.

"A'a, Hajiya. Tun ranar da muka kwance buhu Fasto Yakub ya ware masu hoton ɗakin ibadarku. Ya ce wannan ba abin shimfiɗawa a taka ba ne, abin girmamawar mutane ne. Akwai 'yan kasuwa Musulmi a garin da ke bakin kogi, suna da ɗan masallaci na kwano. Shi da kansa ya ɗaura su a keke ya kai wa limaminsu, har da carbin. Marasa hoton kuma suna ɗakin shan magani, mata masu jego ke kwanciya a kai, da a ƙasa suke kwana." Sai ya ƙara da cewa, "Tawul ɗin nan kuwa, ba ki san abin da suka yi ba. Ungozomar can da tsumma take karɓar haihuwa. Yanzu duk jaririn da ya faɗo, a farin tawul ake naɗe shi."

Na ce masa Allah ya mayar da shi gida lafiya, ya ce Allah ya huta gajiyata, muka ajiye. Na daɗe zaune a kan kujerar kicin. Ina so in ce muku wani haske ya sauko mini, amma gaskiya abin da na ji shi ne bayana yana ciwo kuma ban ɗora abincin dare ba.

Na koma jalsa bayan wata biyu, don mutum ba ya ɓuya har abada a unguwar da aka haife shi. Wasu sun ɗan ja baya da ni, har yau akwai wadda gaisuwarmu ba ta wuce salamu alaikum. Sauran kuwa sun raɗa mini suna, Umm Kanisa, wato uwar coci, kuma da alama da shi za a binne ni. Na ba su labarin masallacin kwano da na jarirai. Umm Khalid ta saurara har ƙarshe, ta juya finjalinta, ta ce, "Ita mai waƙar, ya dai yi mata kyau. Ta fi ni tsawo." Daga nan aka koma maganar tsadar tumatir.

Da mausim ya sake zagayowa na ga tawul ɗin harami jibge a bayan wani gida a Kudai, ana jiran motar shara. Na wuce su. Na dawo. Na tsaya ina yi wa kaina faɗa, ƙafata tana zugi, sannan na ce wa mai gadi ya taimaka ya sa mini a mota. Tawul kaɗai, buhu guda, ta hannun wata 'yar garin su Hajiya Ladi, a kai wa ungozoma. Wannan karon na san inda za su, na san hannun wa za su bi, kuma ban gayyaci kowa kallo ba. Saƙon godiyar ma a kicin na saurare shi, murya can ƙasa, ƙofa a rufe.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ga shi. Alherin da na yi don a gani, an gan shi, a bango guda, da ganga. Ban ƙara roƙon Allah ya nuna wa mutane aikina ba, don na gane yana amsa irin wannan addu'ar da sauri, kuma ba ya tambayar girman talabijin.